Fim ba faifai: yadda kile ya shiga ɗakunan iyali

Bayan sallar isha'i, idan iska ta ɗan yi sanyi a Maraɗi, a gidaje da yawa akan fito da akwatin telebijin tsakar gida, a ɗora shi bisa tebur, a shimfiɗa tabarmi. Ƙarƙashin telebijin ɗin akwai wata baƙar na'ura mai faɗi, wadda aka sayo shekarun baya domin kallon faifan DVD. Sai dai bakinta, wanda yake turowa waje a aza masa faifai, ya daɗe bai buɗe ba. A wasu gidajen ma ya ƙage, ƙura ta cika shi. Duk da haka na'urar tana nan bakin aikinta. Yaron da aka aika kasuwa tun la'asar zai sa hannu aljihu, ya fiddo wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba, ya soka shi cikin wata ƴar kafa da ke gaban na'urar, ya danna telekomandi. Nan take sunayen fina-finai goma ko fiye su jeru bisa gilashi, gardama ta tashi tsakanin uwargida da ƴaƴa a kan wanda za a fara da shi.

Wannan ɗan abu shi ne mutanen ƙasar nan ke kira kile, maƙwabta na Najeriya kuma suna ce masa filash. Yana da ƙane, wato katin memori, wanda ake cirowa daga cikin salula. Abin da ake gani a Maraɗi shi ake gani a Damagaram, da Tawa, da Ƙonni, da unguwannin Yamai, har da ƙauyukan da batir da hasken rana suka tsaya a madadin kuran. Ko da yake salula ta ja samari da yawa zuwa kallon kaɗaici, kuma sababbin telebijin suna zuwa da tasu kafar kile, har yanzu tsohuwar na'urar faifai ce ke tara iyali wuri ɗaya a gidaje masu yawa.

Sauƙin da kile ya kawo ba mai musunsa. Amma faifan da ya kora yana da abubuwa uku da shi ba shi da su: yana da kwali mai hoto da ke faɗin abin da ke ciki, yana da farashi wanda wani abu daga cikinsa kan koma ga mai fim, kuma abu ne da ake iya ajiyewa cikin akwati a sake ɗaukowa. Mai karatu zai ga yadda rashin waɗannan uku ya taɓa magidanci, da mai sana'a, da ƴaƴan gida.

Daga kaset zuwa kile

Kafin bidiyo, wanda ke son fim sai ya je gidan sinima. Nijar kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage: Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, da fim ɗinsa «Le Wazzou polygame». Amma fim bai zama abincin yau da kullum na talaka ba sai da kaset ɗin bidiyo ya zo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da «Turmin Danya», wanda ake ɗauka shi ne ya buɗe kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo. Kafin shekara goma ta cika, fim kamar «Sangaya» na 1999 ya sa sunan Ali Nuhu ya zama sananne daga Kano har Agadas. A wannan zamanin kaset yakan fito daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya biyo motocin fatake ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Matamai da Damagaram, ko kuma ta Illela zuwa Ƙonni da Tawa.

Kaset yana da nauyi, zarensa yana tsinkewa, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafi hotonsa yakan ƙara dushewa. Shi ya sa da faifan VCD ya iso, a farkon shekarun 2000, jama'a suka karɓe shi hannu biyu. Kamfanonin Philips, Sony, JVC da Matsushita ne suka fito da tsarinsa tun 1993. Faifai guda ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, saboda haka dogon fim sai an raba shi faifai biyu. DVD, wanda ya fara shiga kasuwar Japan a 1996, yana ɗaukar jiga 4,7, wato kusan ninki bakwai na VCD, hotonsa kuma ya fi kyau. Masana'antun ƙasar Sin suka cika duniya da na'urori masu araha da ke karanta duka biyun.

Kile ya fito kasuwa a shekara ta 2000, kuma na farko-farko mega 8 kawai suke ɗauka, abin da ko waƙa uku bai isa ba. Ƙaramin katin memori da ake sa wa salula ya biyo baya a 2005. Wajen tsakiyar shekarun 2000 ne masu ƙera na'urar DVD suka fara buɗe mata ƴar kafar USB a gaba, wasu har da ramin kati. Da farko ba wanda ya damu da ita. Ado ake ɗaukarta. Amma ƙasar Sahel ta nuna amfaninta. Faifai ana karanta shi da wani ɗan ido mai haske, ga kuma ƙaramin inji da ke juya shi. Ƙurar hunturu tana rufe idon, zafin bazara yana gajiyar da injin, yara kuma suna karce faifan. Masu gyaran rediyo sun san cewa ido da inji su ne ke fara mutuwa. Ɓangaren kile kuwa ba shi da abin da ke motsi, don haka na'urar da idonta ya makance takan ci gaba da nuna fim shekara da shekaru ta wannan ƴar kafa.

Rumfar masu turi

Kile fanko ba ya nuna komai. Sai an zuba masa. Daga nan sabuwar sana'a ta samu. A bakin tasha, da gefen kasuwa, da kusa da wuraren cajin salula, za a tarar da saurayi zaune cikin rumfa ko ƙaramin shago, gabansa kwamfuta, da lasifika, da wasu manyan rumbunan ajiya da ke ɗauke da dubban fina-finai da waƙoƙi. Su ne masu turi. Mutum zai miƙa kilensa ko katinsa, ya faɗi abin da yake so, ya biya ƴan daloli, cikin mintoci kaɗan a miƙo masa.

Lissafin ba shi da wuya. Fim guda da aka matse daidai da abin da na'urar gida ke iya nunawa yakan ci kamar mega 700. Kile mai jiga 8 ke nan zai ɗauki fim goma ko goma sha ɗaya, kuma idan an ƙara matsewa ya ɗauki ninki biyu. In an gama kallo sai a share, a koma a sake cikawa. Abin da a da sai an tara kwalaye cike da leda, yanzu yana rataye jikin makullin kabu-kabu.

Ba fim ɗin Kano kaɗai ake turawa ba. Akwai fina-finan Indiya da aka sa musu muryar Hausa, irin waɗanda kamfanin Algaita ya yi suna da su. Akwai wa'azi, da karatun Alƙur'ani, da tafsirin watan azumi. Akwai kokowar takobi, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma har yau tsoho yakan so ya sake ganin kayen da ya burge shi. Akwai kuma bikin aure da na suna, domin mai ɗaukar hoto a yau cikin kile yake kawo aikinsa.

Wannan hanya ta nuna ƙarfinta lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Buhunan shinkafa sun tsaya, manyan motoci sun yi layi, amma sabon fim bai fasa isowa ba. Abin da ba shi da nauyi, ba shi da kwali, ma'aikacin duwan ba shi da inda zai kama shi.

Me ya sa wani fim yake ƙin fitowa?

Ba kullum ake dacewa ba. Sau da yawa iyali sun zauna, an soka kile, sai na'urar ta nuna babu komai. Ko ta nuna sunan fim amma ta ƙi buɗe shi. Ko murya ta fito ba hoto, ko hoto ya fito ba murya. Nan sai a fara zargi: uba ya ce yaro ya cinye kuɗin, yaro ya ce mai turi ya cuce shi, mai turi ya ce na'urar ce ta tsufa. Alhali dalilan sanannu ne, kuma ba su wuce biyar ba.

Na farko shi ne tsarin kilen kansa. Kowane kile kamar sito yake, mai kundin da ke faɗin inda aka ajiye kowane kaya. Akasarin na'urorin DVD kundi iri ɗaya suka iya karantawa, wanda ake kira FAT32, da kamfanin Microsoft ya fitar a 1996. Manyan kile da katuna na yanzu, musamman waɗanda suka haura jiga 32, yawanci suna zuwa da sabon tsari mai suna exFAT na 2006, rumbunan kwamfuta kuma da NTFS. Idan tsohuwar na'ura ta ci karo da ɗayan waɗannan, sai ta ce sito fanko ne ko da cike yake. Maganin shi ne a share kilen a sake masa tsarin FAT32 a kwamfuta. Amma a kula: wannan aiki yana goge duk abin da ke ciki, don haka sai an fara kwashe kayan zuwa wani wuri. Magidancin da zai sayi kile don tsohuwar na'ura, mai jiga 8 ko 16 ya fi masa kwanciyar hankali.

Na biyu ya fito daga na farko. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fim guda da ya kai jiga 4. Ko da sarari ya rage da yawa, kwamfuta za ta ƙi tura shi. Sai dai a matse shi ko a yanka shi biyu.

Na uku shi ne ya fi ruɗa mutane. Fim ɗin da ke cikin kile kamar wasiƙa yake cikin ambulan. Haruffan da ke ƙarshen sunansa, irin su AVI, MP4 ko MKV, su ne ambulan ɗin. Amma rubutun da ke ciki daban yake: wata wasiƙar da ajami aka rubuta ta, wata da boko. Tsohuwar na'ura kamar malamin da ya iya ajami kaɗai take. Ta san MPEG-1 na VCD, ta san MPEG-2 na DVD, kuma idan an rubuta DivX ko MPEG-4 a goshinta, ta san wannan da ɗan uwansa Xvid. Fina-finan da ake saukowa da su daga YouTube, da waɗanda ake turawa ta WhatsApp, da waɗanda salula ke ɗauka, mafi yawansu da H.264 na 2003 aka rubuta su, wasu ma da H.265 na 2013. Shi ya sa fim biyu za su zo cikin ambulan iri ɗaya, ɗaya ya fito, ɗaya ya ƙi. Murya ma haka take: na'urar ta saba da MP3, sabon fim kuma yakan zo da AAC, sai a ga baki na motsi ba a jin magana.

Na huɗu girman hoto ne. An ƙera na'urar DVD don hoton da bai wuce ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye ba. Fim mai 1280 da 720, ko mai 1920 da 1080, ya fi ƙarfinta, ko da rubutunsa wanda ta sani ne.

Maganin na uku da na huɗu ɗaya ne: a juya fim ɗin. Mai turin da ya san aikinsa yana da manhaja a kwamfutarsa, irin su Format Factory, wadda ke mai da fim zuwa AVI mai Xvid da MP3, da faɗin da bai wuce 720 ba. Aikin yana cin lokaci, kuma hoton yana ɗan rage kyau. Saboda haka wajibi ne wanda aka aika ya faɗa tun farko cewa a na'urar DVD za a kalla, ba a salula ba. Wannan kalma ɗaya tana hana zirga-zirga da ɓacin rai.

Na biyar ƙarfin wuta ne. Kafar USB ta irin waɗannan na'urori bolt 5 take bayarwa, da abin da bai wuce rabin amfiya ba. Wannan ya ishi kile, amma sau da yawa ba ya isar babban rumbun ajiya mai faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki. Za a ji yana ƙas-ƙas, ya kasa tashi. Irin wannan rumbu sai mai wayar wutarsa daban.

Araha ba ta ado

Akwai matsalolin da ba na na'ura ba ne. Kasuwa cike take da kilen jabu. Za a ga an rubuta jiga 64 ko 128 a jikinsa, farashinsa kuma ya yi daɗi ƙwarai, kwamfuta ma ta nuna adadin da aka rubuta, domin an koya wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya tun daga masana'anta. Ainihin cikinsa kuwa bai wuce jiga 4 ko 8 ba. Za a yi ta zuba masa yana karɓa, sunaye suna jeruwa, amma duk abin da ya wuce iyakarsa ta gaskiya ya tafi iska, ko kuma ya taka na farko ya lalata shi. Hanyar gane shi ita ce a cika shi taf tun ranar saye, sa'an nan a gwada fim ɗin farko, da na tsakiya, da na ƙarshe. Masu kwamfuta suna da ƴar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke yin wannan gwaji.

Akwai kuma cutar da kile ke kwasowa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Wadda ta fi yawa ita ce mai ɓoye ainihin fina-finai ta bar inuwarsu, wato ƴan alamomi masu kibiya waɗanda ba komai cikinsu. Na'urar DVD ba ta kamuwa da wannan cuta, tun da ba ta aiki da Windows, amma za ta nuna kile fanko. Kuskuren da mutane ke yi shi ne gaggawar share kilen gaba ɗaya. Galibi kayan suna nan, an dai lulluɓe su ne, kuma wanda ya san aiki yana iya fiddo su.

Idan fim ɗin Indiya ya ɓace, gobe a sake turowa. Hasarar da ba ta da magani ita ce ta bikin gida. A da kaset ɗin auren ƴa yakan zauna cikin akwatin uwa shekara ashirin. Yanzu ɗaurin aure, da kai amarya, da fuskar kakar da ta riga ta rasu, duk suna cikin abu guda da bai kai yatsa ba, kuma shi ne dai ake ba yaro ya kai rumfa a zuba masa sabon fim. Mai turi ya ga wuri ya cika, ya share, ba da mugun nufi ba. Ko kuma a fizge kilen daga kwamfuta tana tsakar rubutu, kundinsa ya rikice. Ko ba wannan, ƙwaƙwalwar kile da ɗan cajin lantarki take riƙe abin da aka ba ta, cajin kuma yana zurarewa a hankali cikin shekaru, zafi yana ƙara masa sauri. Rigakafi ya fi magani: bikin gida ya sami nasa kile wanda ba ya zuwa kasuwa, a kuma ajiye kwafi na biyu wurin wani ɗan uwa.

Wa ya biya kuɗin fim ɗin?

Dalolin da yaro ya miƙa a rumfa kuɗin turi ne: ladan kwamfuta, da wuta, da zaman saurayin. Galibi ko tamma ɗaya ba ta isa ga wanda ya rubuta labarin, ko wanda ya ɗauki hoton, ko wadda ta yi waƙar. Satar fasaha ba yau ta fara ba. Tun zamanin kaset ake kwafi ba izini, kuma masanin nan Brian Larkin ya yi dogon bayani a kan yadda abin yake a Kano cikin littafinsa «Signal and Noise» na 2008. Sai dai ɓarawon kaset yana bukatar injuna, da fankon kaset, da kwali, da sito, da mota. Yana da wurin da za a iya kama shi. Kuma ko a lokacin, mai fim yakan sayar da kwafinsa na gaskiya a makonnin farko kafin jabu ya cika kasuwa. Da kile, kwafi ɗaya da aka saya da safe ya isa ya ciyar da gari guda kafin magariba, kuma na dubu daidai yake da na farko, ba ya dushewa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Cikin shekarun 2010 kasuwar faifai ta Kano ta durƙushe, ƴan kasuwar da ke zuba jari a fim suka janye hannu, masu shirya fim da yawa suka daina fitar da aikinsu a faifai. Sana'ar ta nemi wata mafita. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 da shirye-shirye masu dogon zango irin su «Daɗin Kowa». A 2020 «Labarina» na Aminu Saira da «Izzar So» na Lawan Ahmad suka nuna cewa fim mai fitowa mako-mako yana iya rayuwa da kuɗin talla, a telebijin ko a YouTube. Amma ko nan kile bai saki wuyan masu fim ba. YouTube yana biya ne gwargwadon yawan waɗanda suka kalla a can. Idan mai turi ya sauko da kashi ɗaya, ya zuba ma mutum 200, kallo ɗaya tak aka ƙirga ma mai shi.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar mutanen Kano ce. Ƴan Nijar da dama a wannan masana'anta suke cin abinci. Mawaƙiya Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi ce. Ga kuma ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da mawaƙan cikin gida, na Damagaram da Maraɗi da Yamai, waɗanda kasuwarsu tun asali ƙarama ce. Wanda ya ci bashi ya shirya fim, ya ga an kalle shi a kowane gida amma bai mai da uwar kuɗinsa ba, da wuya ya sake na biyu.

Adalci dai ya sa a faɗi ɗaya gefen. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko, «Anar», a Sakkwato a 2008. Ba kamfanin da ya tallata shi. Katunan memori ne suka yi ta yawo da waƙoƙinsa daga salula zuwa salula a faɗin Sahel, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya cikin kundin «Music from Saharan Cellphones» na 2011. Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe masa. Amma makaɗi yana iya mai da suna kuɗi ta hanyar wasa gaban jama'a. Mai shirya fim ba shi da dandalin da zai hau. Fim ɗin shi ne hajarsa.

Doka kuwa tana nan. An kafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, a 1995, kuma dokar 23 ga Disamba 2010 ta fayyace haƙƙin mawallafi da na masu wasa. Korar samarin rumfa ba za ta yi magani ba, domin sana'ar ita ce ta hana da yawansu zaman banza ko tafiya cirani. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya: ɗan haraji kaɗan a kan kowane fankon abin naɗi, a tara, a raba ma masu fasaha. Faransa ta kafa wannan tun 1985, daga baya ta haɗa da kile da katuna. Burkina Faso, maƙwabciya, tana karɓar irin wannan kuɗi ta hannun duwan tun daga bakin iyaka. Haka nan ba abin da zai hana masu turi su haɗu cikin ƙungiya, su yi yarjejeniya da masu fim, su riƙa biyan wani abu sananne a kan kowane sabon aiki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ba shi da kwali

Sauran magana ta cikin gida ce. A zamanin faifai, uba yakan ɗauki kwali ya juya shi, ya ga hotunan ƴan wasa, ya karanta suna, ya yanke shawara kafin a kunna. Fim ɗin Kano kuma, tun daga 2001 da aka kafa hukumar tace fina-finai ta jihar, sai ya bi ta hannunta kafin ya shiga kasuwa. Kile ba shi da fuska. Wanda ke ɗauke da tafsiri da wanda ke ɗauke da batsa kamarsu ɗaya. Sunan da ya bayyana bisa gilashi kowa yana iya sauya shi cikin daƙiƙa biyu. Mai turi kuma, idan wuri ya rage, yakan cika shi da abin da ya ga dama a matsayin gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara ɗan hannu bisa tiya. Ta haka ne abin da ba wanda ya aika a sayo yakan faɗo tsakar gida gaban yara da surukai, ko wa'azin da ke zafafa gaba tsakanin jama'a ya shiga kunnen yaro ɗan lakkol.

Duk da haka na'urar tsakar gida tana da wata falala da salula ba ta da ita. Abin da aka kunna a telebijin kowa yana gani: uwa tana iya cewa a kashe, kaka tana iya tambaya, uba yana iya bayani. Abin tsoro shi ne katin da ke komawa cikin salula bayan an watse, a kalle shi ƙarƙashin bargo ko a fada wajen shan shayi. Magidancin da ya san mai turin unguwarsu ido da ido, ya faɗa masa abin da yake so da wanda ba ya so a zuba ma ƴaƴansa, kuma ya ɗauki minti biyar ya duba jerin kafin iyali su zauna, ya yi rabin aikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsohuwar na'urar DVD ba za ta dawwama ba. Kullum sababbin fina-finai suna ƙara fin ƙarfinta, kuma ranar da ta mutu ba lalle a sayi wata ba. Amma kile zai koma kafar telebijin, ko ta dikoda, tambayoyin kuma za su bi shi can: mene ne a ciki, wa ya yi shi, wa ya biya shi, kuma ina aka ajiye abin da ba a son ya ɓace. Hukuma tana da nata rabo a amsar, masu turi suna da nasu, amma hannun da ke miƙa ma yaro kile da daloli da la'asar shi ne na farko.